Taken Abdu Sha-Rana

Sallama gare ku 'yan uwa masu bin wannan shafi. Sunana Ilyasu, a gida Ilu ake ce mini. Ɗan Tsibiri ne ni, kabu-kabu nake yi a Maraɗi. Na san da yawanku kun ga bidiyon nan da ke yawo a wayoyi tun ranar Lahadi, na wani Alhaji da ya tuɓe babbar riga a gona ya kama hauya, har kuna ta sa masa hoton dariya. To mai gangar da ke tsaye a bayansa da malafa, ni ne. Ku ɗan yi haƙuri da ni in faɗa muku yadda aka yi, don ni ko a kan babur ban iya sauri ba.

Gidanmu gidan kiɗan noma ne. In damina ta sauka aka kira gayya, wato samari suka taru don su nome wa wani gonarsa, mu ake kira mu bi su da ganga. Baba ya yi, kakana ya yi. Shekara huɗu ke nan da idon Baba ya tafi, sai ganga ta dawo wuyana, shi kuma ya zama kunnena. Duk inda za mu, ina ɗaure gangar a gefe, in ɗauko shi a baya, ya zauna a inuwa yana saurare. In na kuskure sai in ji ya yi gyaran murya, shi ke nan na gane.

Ba mu kaɗai ke riƙe da gangar nan ba. Da jikinta ya tsage bara, Amos kafinta na bayan coci shi ya ɗinke ta da hannunsa, ya ce ba zai karɓi komai ba, ai da ita aka yi wa babansa gayya. Mahautan bakin kasuwa in sun sami fatar akuya mai kyau sai su aiko a ce ta Baba ce. Hafizu mai cajin waya kuwa, duk kiɗan da muka yi sai ya ɗauka ya zuba wa mutane a kart memwar, wato memorin waya, har 'yan Tsibirin da ke ci-rani a Agadas suna aiko masa a tura musu. Shi ya sa in na ce gangarmu, ban san iyakar mu ɗin ba.

Akwai abin da ake kira take. Manomin da ya yi fice a gayya, makaɗi na yi masa kiɗansa shi kaɗai, da zarar an buga ya san da shi ake. Baba na da taken mutum sama da sittin a kansa, na Tsibiri da na ƙauyukan kewaye har Jiratawa. A gidanmu ƙa'ida biyu ce. Mai take in ya taka gonar da ake kiɗa, dole a kira shi. In ya rasu, ranar bakwai a buga masa na ƙarshe, a kwantar da taken, ba a sake taɓawa. Don haka in mai rai ya zo ka yi shiru, tamkar ka sa shi cikin matattu ne. Tun ina ƙarami Baba ya dasa mini wannan a kai.

Yanzu bari in zo kan Hidaya.

A unguwar Zariya ta nan Maraɗi suke, gida mai ƙofar ƙarfe shuɗiya da bishiyar dalbejiya a gaba. Ni nake kai ta makarantar ɗinki kullum da safe, wata bakwai ke nan. Doguwa ce, ba ta da yawan magana a gaban mutane, amma in ta saba da kai sai ka roƙe ta ta bar ka ka huta. Ranar da ta gano ɗan makaɗa ne ni, muna tsaye ne muna jiran a zuba mini esansi, ashe yatsuna na ta bugun tankin babur ban sani ba.

"Malam direba, wannan ba bugun mai jiran mai ba ne," ta ce daga bayana. "Faɗa mini gaskiya, gidan wa ka fito?"

Na faɗa mata. Na ɗauka gobe wani babur za ta nema. Washegari sai ga ta da hijabi ruwan toka, da robar kunu a hannu, ta ce, "Riƙe. Makaɗi ba ya aiki da yunwa." Daga nan abin ya fara, ban ma san ranar da ya zama so ba.

Matsalar babanta ce, Alhaji Abdulrazak, mai shagunan atamfa. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, amma ba ya shiri da kiɗa ko kaɗan. Bikin yayarta ko bafil, wato lasifika, bai bari an kunna ba. Hidaya ta ce ta sha jin yana cewa maroƙi ba zai taka masa tabarma da sunan suruki ba. Sau biyu na je gaishe shi. Na sa farar shaddata ta Sallah, na durƙusa a zaure, ya tambaye ni sana'a na ce kabu-kabu, ya tambayi mahaifina na ce manomi ne a Tsibiri. Ban yi ƙarya ba, Baba na da gona. Amma da na fito sai da na ji bakina na ɗaci.

"Ka ƙara haƙuri, Ilu," haka Hidaya ke cewa a bokal, wato saƙon murya. "Ina lallaɓa Hajiya. In ta tsaya mana, Abba zai sauko. Kai dai kar ka yi gaggawa."

Gaggawa kuma, ni? Na ce mata to.

Ranar Asabar aka aiko daga Jiratawa, wai Malam Idirisa, wani dattijo da ƙafa ta kwantar, ciyawa ta ci masa hatsi, samarin unguwa za su yi masa gayya gobe. Baba ya yi murna kamar yaro. Inna ta fito masa da rigarsa mai aska biyu, wadda wuyanta ya fara cinyewa, ta shanya ta sha iska. Hidaya ta turo mini rubutu da yamma: "Gobe ina za ka?" Na ce ƙauye, aiki. Ta turo hoton ganga da fuskar dariya. Ko sunan garin ban ambata ba, ban ga dalili ba.

Lahadi da hantsi gona ta cika. Samari sun kai talatin, sun jera, kowa da hauyarsa, mata na gefe ƙarƙashin gawo da ƙoren fura. Ƙasa ta sha ruwan Juma'a, tana ƙamshi. Na ja malafa ta rufe mini fuska saboda rana, na rataya ganga, muka fara. Wanda bai taɓa ganin gayya ba ba zai gane ba. In ganga ta zauna daidai, hauya talatin sauka ɗaya suke yi, kai da ke bugawa sai ka ji kamar kai ke noman da hannunka. Hafizu na biye da mu da wayarsa a sama.

Wajen azahar wata farar mota ta tsaya a bakin hanya. Aka fara sauke kuloli na shinkafa. Ban kula ba sai da na ga mai motar ya fito, shadda ruwan ƙasa, hula zanna, carbi a hannu, da wasu dattawa biyu na masallacin unguwarsu. Alhaji Abdulrazak ne. Ya wuce wurin Malam Idirisa da ke kishingiɗe a tabarma, ya duƙa yana cewa, "Yaya, ya ƙafar?"

Yaya. Ashe wansa ne.

Na juya baya, na ƙara jan malafa, na ci gaba da kiɗan samari a hankali ina matsawa can ƙarshen gona. Na ce a raina, Allah ka sa ya ajiye abincin ya tafi. Sai na ji gyaran muryar Baba.

"Ilu."

Na matso.

"Muryar wa nika ji wajen Idi?"

"Wani baƙo ne daga birni, Baba."

"Baƙo? Wanga ba baƙo ba ne. Abdu ne. Abdu Sha-Rana!" Fuskarsa ta washe, har ya ɗaga hannu yana lalube a iska. "Shekara talatin da wani abu. Ashe yana raye. Kira shi."

Na san taken Abdu Sha-Rana. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu Baba ya koya mini, ya ce wani saurayin Jiratawa ne da ba ya shiga inuwa sai an tashi, ya tafi birni ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ban taɓa bugawa a fili ba. Ko a mafarki ban haɗa shi da mai zauren da nake durƙusawa a ciki ba.

"Baba, ya zama babban mutum yanzu, ƙila ba zai so ba."

"Mi ka ce?"

"Na ce ƙila..."

"Ya taka gona ko bai taka ba?"

"Ya taka."

"Ya mutu?"

"A'a, Baba."

"To kai za ka kashe shi? Kira shi, ko ka ba ni gula in kira da kaina."

Ku da ke karantawa, na san wani zai ce da ka ce fata ta saki, da ka ce cikinka na ciwo. Wallahi duk sun zo mini. Amma tsohon nan na zaune da rigarsa ta fita, ya miƙo hannu yana jiran gula, kuma dattawan Jiratawa da suka ji sunan sun fara juyowa. Na ɗaga gula na sauke.

Bugu uku ne a farko, sai a ɗan tsaya, sai a sako shi a guje. A bugu na uku na ga bayan Alhaji ya miƙe. Carbin ya tsaya. Samari suka dakata suna kallon juna don ba su san taken ba, amma wata tsohuwa a ƙarƙashin gawo ta rangaɗa guɗa ta ce, "Sha-Rana ya dawo!" Baba ya buɗe murya daga inda yake zaune:

"Abdu na Idi, inuwa ta rago ce! Abdu, rana ta gaji ba ka gaji ba!"

Alhaji ya juyo a hankali kamar wanda aka tasa daga barci. Ɗaya daga cikin dattawan da ya zo da su ya kama masa hannun riga yana cewa, "Alhaji, Alhaji, a'uzubillahi." Ya fizge. Ya cire hula ya ɗora a kan kula, ya tuɓe babbar rigar ya yar a kan ciyawa, ya zare takalmi, ya karɓe hauya daga hannun wani saurayi. Mutum mai shekara kusan sittin, da tumbinsa, da farar singileti. Ya duƙa ya kama layi.

Ban taɓa ganin noma irin wannan ba. Samari suka rufa masa baya da ihu, ba wanda ya kamo shi sai da ya kai ƙarshen layi ya juyo. Hawaye ne ko gumi a fuskarsa, ban sani ba. Malam Idirisa na tabarma yana kuka a fili. Ni kuma hannuna na ta aiki, zuciyata na cewa tsaya, hannun bai ji ba. In faɗa muku gaskiya, a wannan ɗan lokacin daɗi nake ji. Ban taɓa buga ganga ta amsa mini haka ba.

Da ya gama layi na biyu ya yar da hauya, ya nufo ni yana haki, yana lalube a aljihun wando zai yi wa makaɗi kyauta kamar yadda aka saba. Ya ɗaga gefen malafata don ya manna mini a goshi.

Muka haɗa ido.

Hannunsa ya tsaya a sama, sannan ya sauke shi. Ya dubi ƙafafunsa da suka yi buɗu-buɗu da ƙasa, ya dubi dattawan masallacinsu da ke tsaye jikin mota, ya dubi wayar Hafizu. Ya ɗauki rigarsa bai ko kakkaɓe ba, ya shiga mota. Baba na ta kira, "Abdu! Abdu, zo mu gaisa mana!" Sai ƙarar mota.

"Kunya ya ji," Baba ya ce da muna komawa, yana dariya a bayana. "Haka yake tun yana yaro. Ka ji yadda ka buga kuwa? Yau na san na haihu."

Na roƙi Hafizu kar ya tura. Ya ce, "Ilu, ai tun muna gona ya tafi." Kafin magariba bidiyon ya zaga Maraɗi. Wani ya rubuta a ƙasa, wai ga mai hana kiɗa a Zariya. Fasinjojina ma suna nuna mini, ba su san ni ne mai malafar ba.

Litinin na je ƙofar gida da safe kamar kullum, na tsaya ƙarƙashin dalbejiya har rana ta ɗaga. Hidaya ba ta fito ba. Na kira, a kashe. Na tura "Lafiya?" ya tsaya da alama ɗaya, bai shiga ba. Ranar ko fasinja uku ban ɗauka ba, na yi ta zagaya gari da babur ba inda za ni.

Talata da la'asar bokal ya shigo daga lambar Hajiya, mahaifiyarta. Muryar Hidaya ce, ƙasa-ƙasa, da alama a banɗaki ta ɓuya.

"Ilu, Abba bai fita masallaci ba kwana biyu. Ya karɓe wayata. Ya ce ka yaudare shi a zaurensa, ka kuma tozarta shi a gaban mutane da gangan. Na rantse masa ba ka sani ba. Hajiya ta yi ta ba shi baki. Yanzu ya ce abu ɗaya ne. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka zo da gangar, ka yanka fatarta a gabansa, ka rantse ka bari har abada. In ka yi, ka turo manyanka. In ba ka zo ba, kar ka ƙara bin layinmu." Sai ta ƙara da cewa, "Ban ce ka yi ba. Ban ce kar ka yi ba. Ni dai na gaji da kuka."

Na saurara ya fi sau ashirin.

Laraba da Alhamis ina gida. Inna ta lura ba na cin tuwo, ta tambaya na ce zazzaɓi ne. Baba kuwa tun ranar Lahadi ƙarfi ya dawo masa. Ya sa na zauna a zaure, ya ce saura take goma sha ɗaya da bai ba ni ba, gara ya juye mini tun yana da numfashi. Yana bugawa a gwiwarsa da tafin hannu, ina maimaitawa a ganga, yana ba ni labarin mai kowane take, wane ya auri wace, wane kura ta taɓa kora daga gona. Amos ya leƙo da sabuwar gula da ya feƙe mini, ya ce ya ga bidiyo, wai matarsa sau biyar ta kalla. Na karɓa na yi godiya. Ina zaune a tsakaninsu kamar ɓarawon da ya riga ya san daren da zai shiga gidan.

Juma'a da aka sauko na sa farar shaddar nan. Na jira Baba ya kishingiɗa, na ɗauko gangar a hankali na fara ɗaurewa a babur. Igiya ta goga fatar ta yi 'yar ƙara.

"Ina za a da ita?"

Yana tsaye a bakin zaure, dafe da bango.

"Maraɗi, Baba. Alhaji Abdu ne ya ce in zo da ita."

"Ka gani! Na ce maka kunya ce. Ke, miƙo mini rigata!"

Na rasa bakin hana shi. Inna ta sa masa rigar, ta gyara masa hula, har da ɗan turare. Muka hau gudron, wato kwalta, yana ta ba ni labarin yadda za su yi hira da Abdu. Da muka wuce rabin hanya na ji ba zan iya ba. Na sauka gefe wajen masu sayar da rake, na kashe babur, na faɗa masa komai ban juyo ba. Hidaya, da zaure, da manomi a Tsibiri, da wuƙa.

Hannunsa na kan kafaɗata, na ji ya yi nauyi.

"Manomi ka ce mishi."

"E, Baba."

"Yarinyar, tana da hankali?"

"Tana da shi."

"Ta san ko kai ɗan wa ne?"

"Tun farko."

"To ta fi ka." Ya ja numfashi. "Tada babur."

"Mu koma gida?"

"Na ce maka gida? Tahi inda aka kira ka."

Shuɗiyar ƙofar a buɗe take. Alhaji na zaune a zaure kan darduma shi kaɗai, ya rame a kwana biyar. Labulen ƙofar cikin gida ya motsa, na ga gefen hijabi ruwan toka. Da ya ga wanda nake jagora sai ya yunƙura zai tashi, ya fasa, ya sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Baba," ya ce a ciki-ciki.

"Abdu. Ka yi ƙiba, na ji a muryarka."

Baba ya ƙi zama. Ya ce in ajiye gangar a tsakiya, na ajiye. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa ta gyaran fata, mai ƙotar ƙaho, ashe tun a gida tana jikinsa kamar kullum. Ya miƙa ta saitin inda ya ji muryar.

"Yarona ya ɓoye ni, wannan laifinsa ne, kuma ni da shi ne. Amma kiran da ya yi maka ni na sa shi. Ɗiyarka taka ce, ba mu zo ƙwace ba. Sai dai gangar ga ba tashi ba ce balle ya yanka. Mutum sittin da huɗu ke cikinta, arba'in sun kwanta, sauran suna nan, kai ɗaya ne daga ciki. In ka ce a rufe ku, to. Amma ba da hannun ɗana ba. Karɓi."

Alhaji ya dubi wuƙar. Ya dube ni. Bayan labule na ji Hajiya na cewa a hankali, "Alhaji, don Allah," ban san me take roƙo ba, ya karɓa ko ya bari.

Ya miƙo hannu ya karɓa. Ya jawo gangar gabansa, ya ɗora tafin hagunsa a kan fatar, ya bar shi a nan.

Ni kuwa ina durƙushe a bakin ƙofa, leɓena na motsi ina addu'a. In ya yanka, na sami Hidaya, in ɗauki tsohon nan mu koma Tsibiri da kututturen itace. In ya ajiye wuƙar, ban san da wace fuska zai ba ni ita ba. Sai da na kai tsakiyar addu'ar na gane ban san wanne nake roƙon Allah ya ba ni ba.